Wankan Jego a Garin da Aka Hana Gawayi

Tun da na dawo daga Chadi ban huta da tambaya ba. Mai zuwa sayen alale sai ta ajiye kwano ta ce in ba ta labarin Njamena, a gidan biki a ce in faɗi yadda aka yi da Malam Sule, har ta kai wasu suna ba da labarin a gabana da ƙarin gishirin da ni kaina ban san da shi ba. Shi ya sa na ga gara in faɗe shi tun daga farko, kowa ya ji daga bakina.

'Yata Hadiza ce take aure a can. Mijinta Nasiru ɗan unguwarmu ne a nan Kano, ya tafi da sana'ar kayan gyaran babur, Allah ya buɗa masa ya kama shago. Cikin fari ne da ita, ya kamata ta zo gida ta haihu a gabana, amma likita ya ce kada ta kuskura ta hau wannan hanya. To, tunda ita ba za ta zo ba, ni na ɗaura ɗamarar zuwa in yi mata wankan jego. Maigidana ciwon ƙafa ya hana shi doguwar tafiya, sai ya ce ƙaninsa Malam Sule ya raka ni, ya kuma tsaya a madadinsa ranar suna.

Wanda bai san Malam Sule ba, tsohon duba-gari ne. Ƙuruciyarsa kaf ya ƙare ta yana leƙa randunan mutane da kwatamin gidajensu, har ya yi ritaya. A wurinsa babu abin da ya kai doka daɗi. Ni kuwa mai sayar da abinci ce a bakin titi, hukuma ta tashi teburina daga wuri zuwa wuri har na daina lissafi. Ga kuma wasan da ke tsakanin matar wa da ƙanin miji. Don haka tun kafin mota ta bar tasha muka fara. Shi yana cewa ba don doka ba da tuni mutanen gari sun ƙoshi da ƙuda a wurin irina, ni ina cewa dokar nan tasa ido ɗaya gare ta, teburin talaka take gani, ba ta ganin mai katafaren shago da ya cinye rabin titi.

Tun kafin tafiyar ma ya tasa ni gaba sai da aka yi mini allurar shawara aka ba ni katin nan mai ruwan ɗorawa. Hannuna ya kumbura, na yi ta yi masa mita, shi ko a jikinsa.

Daga Kano zuwa Maiduguri babu wani abin faɗa sai tsayawa da sauka. A wani shingen a ce kowa ya fito ya taka da ƙafa, a wani a haska fuskoki a ce a wuce. Muka kwana a gidan wata ƙawar ƙanwata da ke aure a can, ta cika mu da burabusko da miyar yakuwa. Da safe muka kama hanyar Gamboru, kuma a nan ne na fara ganin irin dokar da ba a musu da ita. Ba a barin mota ta wuce sai sojoji sun buɗe hanya, a jera motoci a tafi tare, in yamma ta yi a rufe. Muka daɗe a layi rana tana dukanmu, na fara surutu cewa an mai da mu kamar awaki a turke. Da aka saki hanya muka fara wuce ƙauyukan da babu kowa a ciki, bango a tsaye babu rufi, sai na daina mita. Malam Sule kuwa bai ce mini ai ga amfanin dokar da yake faɗa ba, kuma na ji daɗin hakan.

A Gamboru aka tsallaka zuwa Kamaru. Nan ne katin allurar ya yi rana. Wata mata da muke kujera ɗaya da ita, mai kai atamfa, ba ta da nata, aka ware ta gefe tana ta roƙo, mu kuwa aka duba aka miƙo mana. Malam Sule ya karɓi nasa ya kaɗe shi a hankali ya sa a aljihu, ya dube ni ya tambaya ko hannun ya daina ciwo. Na ce masa ciwon ya koma kunnena.

Hanyar Kamaru ba ta da tsawo a baki, amma a jiki tana da shi. Ramuka ne da motar take faɗawa ta fito kamar jirgin kwale-kwale. Direban ba ya jin Hausa sosai, in ya ga mun yi salati sai ya yi dariya ya ƙara wuta. A Kusuri muka kwana a wani masauki da fankarsa take juyawa ba ta ba da iska, sauro kuwa kamar an yi musu shelar zuwanmu. Gari na wayewa muka nufi gadar da ake tsallakawa a shiga Njamena.

To ni fa na taho da kaya irin na uwar mai jego. Yajin jego da na daka da hannuna, daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, kanwa, gero surfaffe, kowanne a ƙulle cikin ledarsa. Sannan ga wani babban ƙunshi na farar leda sabuwa, saboda ranar suna alale da tuwo duk a leda nake ƙulla su, haka na saba. Ashe a garin an hana leda. Daga baya na ji cewa dokar takan yi barci ta farka, wani lokaci ka ga leda a kasuwa ba mai magana, wani lokaci a tashi da ƙarfi. Mu dai a farke muka same ta.

Wata ma'aikaciya doguwa baƙa mai kyau ta buɗe jakata, ta ɗaga ƙunshin ledar sama tana magana da Larabcinsu. Kalma ɗaya na gane, don su ma leda suke ce mata. Wani ɗan kasuwa Bahaushe da ke bayanmu ya fassara mini cewa sabuwar ledar ta tafi ke nan, sauran kayan kuma in juye su a wani abu in bar ledojin a nan. Na ce a me zan juye? Ya ce abin da Allah ya hore mini.

Haka na zauna a gefen gada na kwance kayan sawata. Daddawa ta shiga zanen da na tanada don ranar suna, kuka ta shiga ɗankwali, yaji ya shiga mayafi. Iska ta kwaso yajin nan ta watsa, ni da ma'aikaciyar da mutanen layi muka kama atishawa babu ƙaƙƙautawa. Malam Sule yana tsaye ya harɗe hannu a baya, fuskarsa kamar ranar sallah, yana gaya wa ɗan kasuwar nan cewa shekara da shekaru yake faɗa a ofis a hana leda a Kano ba wanda ya saurare shi, ga shi ya zo ƙasar da ake jin magana. Yana cikin wannan bayani ma'aikaciyar ta nuna aljihunsa da ya yi tudu. Goronsa ne a leda. Ya ciro ya miƙa ledar da hannu biyu, har da ɗan rusunawa, ya zuba goron a hularsa ya mai da ita kansa. Haka ya shiga Njamena da goro a ka, yana tafiya a hankali kamar mai tallan ƙwai.

Nasiru ya tarye mu ya kai mu Shagwa, unguwar da suke zaune. Unguwa ce mai cunkoso, masu walda da masu faci da 'yan tireda ko'ina, babura kamar ƙudan zuma, su a can kilando suke ce wa ɗan acaɓa. Gidan na haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya. Hadiza ta fito da ƙaton ciki ta rungume ni tana kuka, sai kuma ta ja baya ta ce, "Umma, me ya sa kike warin daddawa?" Malam Sule ya ce ta tambayi hukuma.

Mai gidan wata dattijuwa ce, Hajja Zanaba. Bahaushiya ce, amma ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Kakanninta sun taso daga wajen Haɗejiya da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare a nan, suka ce bari su yi noma ɗaya su wuce, noman da ba a gama ba ke nan har yau. Hausarta irin ta mutanen da ce, wasu kalmomin rabona da jin su tun kakata, sai kuma ta cusa Larabci a tsakiya ba ta ma san ta yi ba. Ita ta ba Malam Sule ɗakin ɗanta da ya yi tafiya, ni kuma na sauka wajen Hadiza.

Abincinsu bai yi nisa da namu ba, sai dai komai da ɗan bambancinsa. Tuwo suna yi, amma a ƙoƙo ake kifa shi ya fito da sulɓi. Akwai kisra, wata aba shara-shara kamar an yi wa sinasir guga. Miyar kuɓewa da busasshen kifi kusan kullum. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa yana yanka dasashi, Malam Sule da haƙoransa suka ragu sai ya jiƙa shi a shayi. Shayin kuwa ja ne, sukari kamar za a ɗebe shi da cokali, kuma duk inda ka zauna sai an miƙo maka. Zoɓo ma suna sha, karkanji suke ce masa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kasuwa. Ka sayi nama a naɗe maka a takardar buhun siminti, ka sayi tumatir a zuba maka a kwandonka, mata kowacce da kwandon kaba a hannu. Kuma gaskiya a faɗe ta, kwatocinsu ba su toshe da leda kamar namu ba, ba ka ganin ta maƙale a bishiyoyi tana kaɗawa. Na gani, amma ban faɗa a gaban Malam Sule ba. Shi kuwa kullum da safe sai ya fita ya zaga unguwa yana leƙa kwata, ya dawo yana yabawa. Mutanen unguwa suka ɗauka wani abu ya ɓace masa.

Sai da na nemi inda zan sayi gawayi da itacen wanka sannan na ji babbar dokar. Hadiza ta rage murya ta ce ai gawayi haramtacce ne a garin, ɗanyen itace ma haka, busasshe kuwa in an samu tsadarsa ba a magana. Kowa da tukunyar gas yake girki, hukuma ta sa an rage kuɗinsa don mutane su bar sare bishiya. Na ce to ruwan wankan jego fa, wanda ake tafasa garwa guda safe da yamma har a yi arba'in? Ta ce a gas ɗin za a dafa. Na dubi 'yar tukunyar nan da ke lungu, na ce lallai mutumin da ya kafa dokar nan bai taɓa jego ba.

Na kai ƙara wajen Hajja Zanaba ina zaton za ta taya ni. Ta saurare ni tana tsinke zogale, sannan ta ce tana yarinya daga bakin unguwar nan suke shiga daji su yo itace su dawo kafin hantsi, amma kafin a hana sai da ta kai mota takan yi yini tana tafiya ba ta tarar da bishiyar kirki ba, duk an mai da su gawayi. Awakinta ma da can leda ce take kashe su, a yanka a tarar da ita cunkus a ciki. Har na fara jin haushi ta koma ɓangaren Malam Sule, sai ta ci gaba da cewa ƙanwarta da gawayi ta riƙe marayunta, rana ɗaya aka ce an hana, ba a tambaye ta me za ta ci ba, har ta rasu ba ta sake samun sana'a tsayayya ba. Ta ce kuma gawayin bai bar garin ba, ɓuya ya yi ya ƙara tsada. Na tambaye ta to ita a wane ɓangare take. Ta ce ita a ɓangaren wanda ya dafa mata abinci take.

Hadiza ta haihu lafiya a asibiti, namiji. Muka dawo gida na kama aiki. Ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, kunun kanwa, farfesu da yaji. Na hana ta shan ruwan sanyi, na hana ta zama a gaban fanka, na hana ta leƙa ƙofar gida, na ce waya ma a rage. Rannan ina ɗaure mata ciki ta ce, "Umma, ke da kike zagin hukuma, dokokinki sun fi na garin nan yawa. Su ko fanka ba su hana ba." Na ce nawa don lafiyarta ne. Malam Sule daga tsakar gida ya ɗaga murya ya ce su ma haka suke cewa.

Ana cikin haka gas ya ƙare, ba a gidanmu kaɗai ba, a garin gaba ɗaya. An ce motocin da ke kawowa ne suka maƙale a hanya, wasu suka ce 'yan kasuwa ne suka ɓoye don an ƙayyade musu farashi. Ni dai abin da na gani shi ne layin tukwane a bakin gidajen mai, an jera su kamar masu jiran sallar gawa, masu su suna zaune a kai. Nasiru ya rufe shago ya bi layi tun asuba, ya dawo da tukunyarsa yadda ya tafi da ita. Washegari ma haka. Wankan Hadiza ya tsaya. Kunu ya gagara. Mai jego da ya kamata ta sha abu mai zafi sai ga ta da burodin nan mai kama da sanda da ruwan kwalba, jariri yana tsotso yana kuka don nonon bai kawo sosai ba. Ga suna ya matso, an riga an gaya wa mutane, an sayi rago, abokan Nasiru na kasuwa duk za su zo su ga abin da surukarsa ta Kano za ta girka.

Wata maƙwabciya ta raɗa mana cewa akwai wata mata a unguwar Abena da take sayar da gawayi a bayan gida, in ka je sai ka ce baƙin dabino kake nema. Nasiru ya ce zai je. Hajja Zanaba ta ce kada ya fara, shi baƙo ne mai shago, in aka kama shi da wannan kaya tara ce mai nauyi, kuma daga nan za a fara tono takardunsa, ƙarshenta a garƙame shagon. Malam Sule yana zaune a kan tabarma yana jin kukan jaririn, carbi a hannu amma ba ya ja. Can ya miƙe ya ce a ba shi akwatin tafiyar Nasiru.

Na tambaye shi ina za shi da akwati. Ya ce, "Ni ba ni da shagon da za a rufe. 'Yar wana ce a kwance ba ta sha kunu ba." Na buɗe baki zan tsokane shi, sai na ga fuskarsa, na fasa. Abin da kawai na ce shi ne ya canza wannan farar rigar. Ya ce a'a, matafiyi mai mutunci da farar riga da akwati ba wanda zai zarge shi.

Abakar, wani magidanci ɗan kilando da ke haya a gidan, mai jin Hausa da Larabci, shi ya ɗauke shi bayan azahar. Abin da ya faru a can daga bakin Abakar na ji, don shi Malam Sule bai taɓa ba da labarin dalla-dalla ba. Sun sami matar, Malam Sule ya nemi baƙin dabino da murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman aure, aka cika akwati. Kafin su fito sai da ya tsaya ya gaya wa matar cewa randarta a buɗe take, ta rufe saboda sauro. Suka hau babur ya rungume akwatin a cinya. Ashe zip ɗin ya ɗan buɗe ta ƙasa. Duk ramin da suka faɗa sai baƙar ƙura ta fito ta sauka a farar riga.

A wani shataletale masu kaki suka tsayar da su. Kada a tambaye ni na wace hukuma ne, kakin garin kala-kala ne, har na taho ban iya bambance su ba. Babbansu ya tambayi abin da ke cikin akwati, Abakar ya yi caraf ya ce tufafin baƙo ne daga Najeriya. Mutumin ya dubi rigar Malam Sule da ta koma kamar ta maƙeri, ya dubi fuskarsa, ya sake tambaya, wannan karon shi yake kallo. Abakar yana ta taka masa ƙafa. Malam Sule kuwa kalmar Larabci ɗaya ya koya a satin nan, ita ce sunan gawayi, sai ya buɗe baki ya ce, "Faham."

Abakar ya ce ya yi masa alama ya ɗan sa hannu a aljihu a wuce wurin, ya ƙi. Maimakon haka sai ya ce a fassara musu cewa shi ma ma'aikacin hukuma ne a ƙasarsu, ya san ya karya doka, dalilinsa mai jego ce a gida, su yi aikinsu. Masu kakin suka yi ta dariya. Babban ya ce saboda furfurarsa ba za a ci shi tara ba, amma gawayi ya zama na hukuma. Suka juye shi a buhu suka miƙo masa akwati.

Ya shigo gida da la'asar, baƙi tun daga gemu har gwiwa, akwati fayau a hannu. Matan gida suka rufe baki da mayafi. Ni na kasa, na zauna a kan turmi na yi dariya har da hawaye, kuma Allah ya sani rabin hawayen ba na dariya ba ne. Ya ajiye akwatin ya ce yaran sun yi aikinsu yadda ya kamata, ba su nemi ko sisi ba, a ba shi ruwa ya yi wanka. Na ce ruwan sai dai mai sanyi.

Hajja Zanaba ce ta fitar da mu. Ta ce tun farko da mun bar ta ta yi magana da ba a ɓata riga ba. Ta aika gida-gida a unguwar, kafin magariba mata suka fara shigowa da kwanduna cike da ƙwallon goruba. Ni goruba a sanina abin gwaigwayar yara ce, a cinye a jefar da ƙwallon. Ashe a can tun da aka hana gawayi ita ce itacen talaka, kuma ba wanda ya hana ta. Tana da wuyar kamawa, hayaƙinta yana sa ido ruwa, amma in ta kama sai ta yi garwashi ja wur mai daɗewa. A daren nan Hadiza ta yi wanka ta sha kunu, kafin kwana biyu nono ya kawo, yaron ya yi shiru.

Da gorubar nan muka yi girkin suna. Wata ta kawo ragowar gas ɗinta aka dafa shayi, wata ta kawo manyan tukwane. Alale kuwa, da babu leda, a gwangwanayen madara da na tumatir na zuba shi, yadda iyayenmu suke yi kafin mu lalace, tuwo kuma aka kifa a ƙoƙo irin nasu. Idona ya yi ja don hayaƙi, zanen sunan nawa bai gama rabuwa da daddawa ba duk da wankin da ya sha, amma abinci bai ragu ba. Matan Shagwa da ba su san alale ba suka yi ta tambayar yadda ake yi. Malam Sule ya tsaya a madadin wansa da aron rigar Nasiru wadda ta tsaya masa a ƙwauri, aka raɗa wa yaro suna Aliyu. Gas bai dawo ba sai bayan suna da kwanaki, kuma ko da ya dawo ban bar goruba ba, don ruwan wanka ya fi tafasa a kanta.

Ni zan zauna har a yi arba'in, shi kuma Malam Sule bayan suna ya yi haramar gida. Ranar tafiyarsa ni da Nasiru muka raka shi a tasi zuwa inda zai hau motar gada. Hanyarmu ta bi ta wani shataletale, masu kaki suka ɗaga hannu direba ya tsaya. Sai na ga Malam Sule ya gyara zama ya kau da kai. Babbansu ya leƙo ta taga, ya ƙura masa ido, sai ya washe baki ya kira 'yan uwansa yana cewa ga Baba Faham. Nan take suka kewaye motar suna gaishe shi kamar kawunsu, suna tambayar mai jego da jariri. Nasiru yana fassarawa. Babban ya ce ba zai wuce ba sai ya sha shayinsu.

Daga inda nake zaune ina hango komai. A gindin wata bishiya suka shimfiɗa masa tabarma. Ga ɗan kasko a ƙasa, ga buta a kai tana tafasa, ga garwashi ja, kuma ba na goruba ba ne. A gefe buhu ne a jingine, ya yi rabi. Malam Sule ya tsaya ya daɗe yana kallon buhun nan. Na ce a raina yau za a yi ta. Sai na ga ya tattara riga ya zauna. Aka zuba masa ya shanye, ya miƙa kofi aka ƙara, ya sake miƙawa. Direba ya fara danna oda shi ko gezau, sai da ya ga ƙarshen butar sannan ya tashi ya yi musu sallama hannu da hannu.

Ya shigo mota ya rufe ƙofa, muka ɗau hanya. Nasiru ya dafe baki yana kallon waje. Da muka yi nisa na ce, "Duba-gari, ashe haka kake son shayi?"

Ya ce gawayinsa ne, ya gane shi, ba zai yi asara biyu ba.

Na ce to yanzu me zai gaya wa mutanen Kano game da doka.

Ya goge gemu, sannan ya ce, "Doka tana da kyau, Yaya. Sai dai a samu wanda zai riƙa leƙa randar masu ita."